Dasashin ɗana mai asma yana jini, an ce inhela ce

Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara takwas, tun yana shekara huɗu aka ce mana yana da asma. Bara likita ya ɗora shi a kan inhela biyu: shuɗiya wadda ake shaƙa idan numfashi ya sarƙe, da mai ruwan ƙasa wadda aka ce ya riƙa shaƙa safe da dare ko da lafiyarsa ƙalau. Alhamdu lillahi mun ga sauƙi sosai. To tun shigowar hunturun nan dasashinsa ya yi ja ya kumbura, musamman na sama ta gaba, ko yaya buroshi ya taɓa sai jini. Bakinsa yana wari da safe, leɓɓansa a bushe, kuma da baki buɗe yake barci har da minshari. Da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta gani sai ta ce abin feshin nan ne ke cinye masa baki, wai ina aka taɓa ganin yaro ƙarami kullum cikin shaƙar magani kamar ɗan ƙwaya. Ta ce a daina, ita kuma tana ba shi zuma da habbatussauda idan zai kwanta. Maigida ya ce kada in yi jayayya da ita. Yau mako uku ke nan da na ɓoye mai ruwan ƙasar. Buroshin ma na ce ya huta saboda jinin, kurkure baki kawai yake yi. Jinin bai tsaya ba, ga shi yanzu kusan kullum sai ya nemi shuɗiyar, tari kuma yana tashinsa cikin dare. Anti, da gaske inhelar ce? Kuma yaya zan yi da Hajiya?

Uwar yara uku, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Tambayarki a kan dasashi take, amma abin da ya fi ɗaga min hankali yana can ƙarshen wasiƙar, inda kika ce kusan kullum sai ya nemi shuɗiyar, kuma tari yana tashinsa da dare. Wannan shi ne abin gaggawa. Dasashi mai jini zai iya jiran ki kwana biyu, ƙirjin da ya fara sarƙewa a tsakiyar hunturu ba ya jira. Ki ɗauko mai ruwan ƙasar daga inda kika ɓoye ta, ya koma shaƙa yadda likita ya rubuta, daga daren yau. Cikin makon nan kuma ku koma wurin likitan, ki gaya masa gaskiya cewa mako uku yaron bai shaƙa ba. Kada kunya ta sa ki ce yana shaƙa, domin in kika ce haka likitan zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara masa ƙarfin da ba ya bukata.

Aikin inhelar nan biyu ba ɗaya ba ne. Hanyoyin iskar da ke cikin huhun mai asma a kumbure suke ko a ranar da yake guje-guje lafiya lau. Kumburin ne ke sa ƙura kaɗan, ko hayaƙi, ko sanyin asuba, su sa tsokar da ta kewaye hanyoyin ta matse, majina ta taru, numfashi ya fara fito. Shuɗiyar, wadda mafi yawa salbutamol ne a cikinta, mutane kuma suka fi sani da Ventolin, tsokar kawai take sakewa. Cikin mintuna yaro zai ji dama, bayan kamar awa huɗu aikinta ya ƙare, kumburin yana nan inda yake. Mai ruwan ƙasar ita ce ke kwantar da kumburin, kuma a hankali take yi, sai an jera kwanaki har makonni ana shaƙa. Haka nan idan aka daina ba a ganin illa ranar farko, shi ya sa mutane ke cewa ai ga shi an daina ba abin da ya faru. Ke kin gani da idonki a mako na uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da numfashi ya sarƙe ba ranar fara mai ruwan ƙasa ba ce. Ki kuma riƙe sunan maganin da ke jikin gwangwanin, kada ki dogara da launi kaɗai, don kamfanoni suna sauya launi. Idan kin ga beclometasone, ko budesonide, ko fluticasone, to mai kwantar da kumburi ce.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mai sauƙi ne: yaron da ke bukatar shuɗiya fiye da sau biyu a mako, ko asma ke tashinsa da dare, ko ta hana shi wasa da sa'o'insa, asmarsa ba ta kwanta ba. Gwangwani ɗaya na shuɗiyar feshi 200 yake ɗauka, kuma wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kashe dubu 455, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu suka faru, inda ake rasa inhela ko ake gudunta. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, sai don ki samu ƙarfin gwiwa idan kin zo magana a gida.

Batun ɗan ƙwaya kuwa, babu shi. Inhela ba ta bugarwa, jiki ba ya kamuwa da sonta. Gaskiya ne maganin cikin mai ruwan ƙasar dangin sitiroyid ne, dangi ɗaya da wasu ƙwayoyin da mata ke sha don ƙiba, waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe, kuma nan ne tsoron mutane da yawa ya samo asali. Sai dai abin da ke cikin feshi ɗaya ɗan mitsitsi ne, kuma huhu aka nufa da shi kai tsaye. Yaron da aka hana shi ita, idan asmar ta tashi aka kai shi asibiti, ƙwayar prednisolone ko allura za a ba shi, wadda ta ninka abin da ke cikin feshin sau da yawa, ta kuma zaga jiki duka. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Yanzu dasashi. Hajiya ba ta yi kuskure duka ba, kuma zai yi miki amfani ki san inda ta yi daidai. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna yara masu asma sun fi sauran yara yawan kumburin dasashi da kogon haƙori, kuma magani yana da hannu. Salbutamol yana rage miyau. Piriton da maganin tari na ruwa da ake yawan ɗirka wa irin waɗannan yara su ma suna busar da baki, na ruwan kuma ga sukari a ciki. Mai ruwan ƙasar, idan aka fesa ta kai tsaye cikin baki, kaso mafi yawa ba ya kai wa huhu, a kan harshe da maƙogwaro yake sauka, ya rage wa bakin ƙarfin kare kansa. Duk wannan gaskiya ne. Amma ki lura da abu ɗaya: da kika ɓoye mai ruwan ƙasar, sai yaron ya koma shaƙar shuɗiya kullum, wato maganin da ke busar da bakin aka ƙara masa.

Miyau ba ƙaramin aiki yake yi ba, ko da yake ba mai gode masa. Shi ke wanke ragowar abinci, shi ke kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan an ci zaƙi, kuma akwai sinadaran da ke yaƙar ƙwayoyin cutar a cikinsa. Da dare dama raguwa yake yi ga kowa. To ki haɗa wannan da yaron da ke kwana baki buɗe a cikin busasshiyar iskar hunturu. Wurin da iskar ta fi duka shi ne dasashin sama ta gaba, inda leɓe ya janye ya bar shi a fili, kuma nan ɗin kika ce ya fi ja da kumburi. Likitan haƙori da ya ga ja a wannan wuri kaɗai, tambayar farko da zai yi ita ce ko yaron da baki yake numfashi.

Amma bushewa share fage kawai take yi. Ainihin abin da ke kumbura dasashi shi ne wannan farin datti mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda haƙori ya haɗu da nama. Ki sa farce a gindin haƙorinsa na gaba gobe da safe, za ki kankaro shi. Tarin ƙwayoyin cuta ne manne da juna, kuma kurkure baki ba ya ɗaga shi ko an yi sau goma, sai an goge. A 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a garin Aarhus na ƙasar Danmak sun gwada wannan a kan mutane masu lafiyayyen dasashi. Suka ce su daina goge baki gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warke. Waɗannan manya ne masu lafiya, ba yara masu asma ba. Ɗanki ya kwana biyu bai ga buroshi ba, ga bushewar baki a kai, ina jini zai tsaya?

Na san abin da ya sa kika hana shi, kowace uwa da ta ga jini hannunta zai ja baya. Sai dai a dasashi abin a juye yake. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don buroshi mai laushi ya taɓa shi. Wanda ya yi jini yana nuna miki wurin da dattin ya kwana ne, wurin da ya fi bukatar gogewa. Kwanakin farko jinin zai ci gaba, wataƙila ma ki ga kamar ya ƙaru. Ki daure. Daga mako ɗaya zuwa biyu za ki ga jan yana janyewa.

Akwai kuma shekarunsa. Ɗan shekara takwas yana tsakiyar famfara, wani haƙori na girgiɗi, wani na ɓullowa, naman da ke kewaye da su dama yakan yi ja, yara kuma sukan kauce wa wurin da buroshi. Ki leƙa can ƙuryar bakinsa, bayan haƙoran nono na ƙarshe, za ki ga manyan turame huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Wajen shekara shida suke fitowa ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsu haƙoran nono ne da za su fita. Ba za su fita ba, su ne zai yi tauna da su har tsufa, kuma su kogo ya fi saurin kamawa a bakin da ba miyau.

Abin da ya fi komai rage zaman magani a baki shi ne sifesa, wata roba mai kama da bututu da ake sa inhela a gefe ɗaya, yaro ya kama ɗaya gefen da baki. Feshin yana tsayawa a cikinta, manyan ɗigon su manne a jikin robar maimakon harshensa, ƙananan su bi numfashi su shiga huhu. Riba biyu ke nan, huhu ya samu ƙari, baki ya samu ragi. Ba ki ambace ta ba, don haka ina zaton ba ku da ita. Ki tambaya a manyan kantunan magani. Idan ba a samu ba, ko kuɗin ya yi yawa, akwai mafita da aka gwada: a asibitin yara na Red Cross da ke birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, Dakta Heather Zar da abokan aikinta sun gwada gorar roba mai cin rabin lita, irin ta lemo, a kan yara masu asma, suka wallafa sakamakon a 1999, inda gorar ta yi aiki daidai da sifesar kamfani. Ana huda gindin gorar daidai girman bakin inhela yadda za ta shiga cif ba iska ta gefe, yaro ya sa bakin gorar a bakinsa. Ki tafi da gora asibiti ma'aikacin jinya ya nuna miki yadda ake hudawa. Wajen shaƙa kuwa, a girgiza inhela, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar, sannan in akwai feshi na biyu a sake girgizawa a maimaita. Kada a danna biyu a haɗe. Wajen wanki, ruwan sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe da kanta ba a goge da tsumma ba.

Sai ki ɗaure inhelar da buroshi su zama abu ɗaya, tunda dukansu safe da dare ne. Ya shaƙa, ya kurkure baki da ruwa har maƙogwaro ya tofar, kada ya haɗiye, sannan ya goge haƙora. Buroshin ya zama ƙarami mai laushi, ba irin mai taurin nan da maza ke so ba. Makilin kamar girman ƙwayar wake, wanda aka rubuta akwai fulorayid a cikinsa, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori ya kare shi daga kogo. Ki duba bayan kwalin za ki ga lamba da haruffan ppm, 1450 ko kusa da haka ya dace da shekarunsa. A karkatar da buroshin ya kalli gindin haƙori, a riƙa ɗan juya shi a hankali, ciki da waje, na minti biyu. In ya gama ya tofar da kumfar, kada ya sake kurkurewa, don fulorayid ɗin ya kwana a jikin haƙoran. Wannan yakan ba mutane mamaki, amma haka ake so. Kuma na makonni biyun nan ke za ki goge masa na dare da hannunki. Yaro ɗan shekara takwas zai rantse miki ya goge, alhali makilin ya tsotse ya kaɗa buroshi sau uku.

Shuɗiyar ma in ya shaƙa a makaranta ko a hanya, ya bi ta da kurɓin ruwa. Ki sa masa gorar ruwa a jaka, ruwa zalla. Yaron da bakinsa ke bushewa kullum cikin ƙishi yake, kuma abin da hannu ya fi kaiwa gare shi zoɓo ne, da kunun aya, da lemon kwalba, da alawar nan mai sanyi da ake ba mai tari ya tsotsa. Haƙori bai damu da yawan sukarin da aka sha a zama ɗaya ba kamar yadda ya damu da yawan lokutan da ake kai masa shi. Kofin zoɓo tare da abincin rana ya fi sauƙi a kan kurɓi-kurɓi daga safe har la'asar. Cingam marar sukari bayan cin abinci yana tsinko miyau, in ana samu a wurinku. Leɓe kuma man kaɗanya ya ishe shi.

Zumar Hajiya ba sai an hana ba. Ga yaro mai shekarunsa zuma tana ɗan lafar da tarin mura, ba ta dai kwantar da kumburin asma, ba ta kuma maye gurbin inhela. Matsalarta lokaci ne kawai. Zuma zaƙi ce mai mannewa, an ba shi ya kwanta da ita a bakin da ba miyau, ba a goge ba, har asuba. Ki matsar da ita zuwa bayan magariba, a sha, sannan inhela, sannan buroshi, bayan buroshi kuma ba abin da zai shiga bakin sai ruwa.

Za a ce miki a goga masa gawayi, ko toka, ko gishiri da lemon tsami. Kada ki yarda. Gawayi da toka suna kankare haƙori su ƙuje naman da dama a kumbure yake, lemon tsami kuma yana cin bayan haƙori. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, ya kurkure ya tofar, wannan ba laifi, yana rage zafi. Aswaki sunna ne kuma yana gogewa da kyau a hannun wanda ya iya, sai a tauna bakinsa ya yi laushi sosai kafin ya taɓa dasashi, ya riƙa yi da rana lokutan alwala. Amma bai da fulorayid ɗin da zai wadatar, kuma da wuya yaro ya kai shi bayan turame, don haka ƙari ne a kan buroshi. Ruwan kurkure baki na kanti kada ki saya da kanki, wasu akwai sinadarin da ke ƙara busar da baki, mai chlorhexidine kuma na ɗan lokaci ne bisa umarnin likita, in aka daɗe yana rina haƙora.

Hancin nan fa kada ki manta da shi a gaban likita, don in ba a buɗe hanci ba baki ba zai rufu ba. Yawancin yara masu asma suna da toshewar hanci irin ta atishawa da ƙaiƙayi, wasu kuma wata tsoka ce a bayan hanci ke girma ta tare hanya, ita ke kawo minshari. Akwai ruwan gishiri na ɗigawa, akwai feshin hanci da likita ke rubutawa, in tsokar ce a tura ku wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ki saurare shi da dare: in kin ji numfashin yana ɗaukewa sannan ya dawo da ƙarfi, ki faɗa wa likita wannan ma. In wani ya kawo shawarar a kai shi wurin wanzami a cire beli, ki toshe kunnenki. Beli ba shi ke kawo asma ko minshari ba, yankan kuma ga zubar jini ga shigar cuta. A ɗakin da yake kwana a daina kunna maganin sauro na hayaƙi, a daina fesa fiya-fiya, a ɗaura gidan sauro. Shara a yayyafa ruwa kafin a yi, kuma ba yana wurin ba. Turaren wuta, na san nan ne za mu ɓata da ke, amma ki yi shi a ɗakinki ƙofa a rufe lokacin da yake makaranta.

Ki sa fitilar waya ki duba harshensa da cikin kumatu da ganɗa. In kin ga farin abu kamar gutsattsarin kindirmo, wanda in an goge yake barin ja a ƙasa, ko muryarsa ta dushe, to wani naman gwari ne da ke samun dama idan maganin mai ruwan ƙasa ya zauna a baki. Yana da magani mai sauƙi na ɗigawa ko shafawa, kuma ba dalilin daina inhela ba ne. Sifesa da kurkurewa ke hana shi dawowa.

Akwai jinin dasashin da ba na datti ba ne, kuma ya kamata ki san shi. In jini yana zuwa da kansa ba a taɓa ba, ko da haɓo, ko tabon taruwar jini a fata ba tare da ya faɗi ba, ko zazzaɓi mai kai-komo, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi fari yana yawan gajiya, wannan gwajin jini yake bukata a ranar, ba jiran mako biyu ba. Haka idan dasashin ya fara gyambo, da wari mai ƙarfi, da kumburin kunci. A ƙasarmu ba a wasa da wannan, domin cutar da ake kira noma, mai cin fuska, daga gyambon dasashi take farawa. Akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda, don haka abin da kika bayyana bai yi kama da ita ba. Na faɗa ne saboda sauran iyaye masu karatu. Abinci kuma a haɗa masa da gwaiba, lemon zaƙi, tumatir da zogale, dasashi yana son sinadarin bitamin C da ke cikinsu.

Ko jinin ya tsaya, ku ga likitan haƙori. Dattin da ya daɗe yakan daskare ya yi tauri a gindin haƙori, buroshi ba ya fitar da shi sai an kankare da na'ura. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa, kuma yana da sashen haƙori. Ku bari ƙirjin ya lafa tukuna, ku tafi da shuɗiyar da sifesa a jaka, kuma tun kafin ya hau kujera ki ce yana da asma, ki nuna magungunansa. In ana bukatar maganin zafi, farasitamol. Asfirin ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16, ibuprofen kuma yana tayar wa wasu masu asma da ciwon, sai likita ya ce.

Saura Hajiya. Kada ki je mata da "likita ya ce", kada kuma ki nuna mata wannan amsa a waya, za ta ji kamar kin kai ƙararta duniya. Tsoro ne ya sa ta magana, jikanta ta gani da jini a baki. Wanda za ki fara zama da shi maigida ne, ku biyu, ba a gaban yara ba. Ba gardama za ki yi ba, lissafi za ki ba shi: kafin a daina sau nawa yaron ke neman shuɗiya, yanzu sau nawa, dare nawa ya tashi da tari. In da hali ki tashe shi cikin dare ya ji fiton ƙirjin da kunnensa. Ki roƙe shi ya raka ku asibiti, in Hajiya za ta yarda a tafi da ita ma ya fi, ta yi wa likitan tambayarta da bakinta. Maganar da za ta yi nauyi daga bakin suruka ba ta nauyi daga bakin ɗa. Shi zai ce mata, Hajiya kin yi gaskiya, maganin yana taɓa baki in ba a kurkure ba, an nuna mana yadda za a yi, zumarki ma an ce a ci gaba sai dai a ba shi da wuri. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Ki kuma ba ta aiki a cikin lamarin, ita ce mai tuna masa kurkure baki in ya shaƙa, kakanni suna riƙe irin wannan fiye da mu.

In an yi duk wannan ta dage, maganin yaron ba abin da za a bari don kunya ba ne. Ki ci gaba da ba shi a ɗakinki da sanin mahaifinsa, ki ci gaba da gaishe ta da ladabi kamar kullum. Kuma kowa a gidan, har ita, ya san inda shuɗiyar da sifesa suke, ya san alamun da ba a jira: yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, fatar tsakanin haƙarƙari ko ramin wuya tana shiga ciki in ya ja numfashi, leɓe ko harshe ya sauya launi, ya yi laushi yana gyangyaɗi, ko an ba shi shuɗiya ba ta yi aiki ba. In an ga ɗaya daga ciki a zaunar da shi, kada a kwantar, a ci gaba da ba shi shuɗiyar ta sifesa a hanya, a nufi asibiti ko ƙarfe nawa ne. Ki roƙi likita ya rubuta miki a takarda feshi nawa za a ba shi a irin wannan hali, ki manna ɗaya a bangon ɗaki, ki kai wa malamin ajinsu ɗaya.